Kekena Ya Fito a Fim, Ni Ban Fito Ba

Anti Beatrice, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Cutar shan inna ta kama ni tun ina goye, da keken guragu nake yawo. Amma a wasan kwaikwayon zumuntar matasan cocinmu a Kafanchan, ni ke sa tsofaffi hawaye ranar Ista. Yayana Yafet ya shiga harkar fim, ya rubuta labarin wata gurguwa. Kai, har maganganun da nake yi a gida ya kwashe ya zuba a ciki! Na ɗauka ni zan fito. Ashe Jacinta ya ba, yarinya mai ƙafafu garau. Wai a ƙarshe fasto zai yi addu'a, gurguwar ta miƙe ta taka rawa, ni kuwa yaya zan miƙe?

Keken kawai ya nema a wurina, na ba shi. Aka ajiye ni kan benci a Kagoma, inda ake ɗaukar fim ɗin, wuni guda, ko bayan gida ban iya zuwa ba, ina kallon Jacinta tana karkace baki, sai ka ce a baki ciwon yake. Da an ce a huta, sai ta diro ta tafi sayen gasasshiyar masara. Anti, ni an sha yi mini wannan addu'ar, ban miƙe ba. Ranar Asabar za su ɗauki wurin miƙewar, yana son keken kuma. Shi fa ya riƙa goya ni zuwa firamare. In hana shi?

Mai Keke, Kafanchan

Ƙanwata, Yafet ba mugu ba ne. Irin ƙarshen da masu kallo suka saba da shi ya rubuta, wataƙila kuma abin da yake miki fata ke nan tun yana goya ki. Amma keken nan ƙafafunki ne, kada ki sake ba da shi aro.

Kafin Asabar ki zaunar da shi ku biyu kawai, ki faɗa masa yadda kika wuni a bencin nan, don ina zaton bai ma lura ba. Sannan ki tambaye shi ko labarin zai lalace idan gurguwar ta kai ƙarshe a kan kekenta, ke kuma ki fito a matsayinta. Ba na miki alkawarin zai yarda. Yana iya yin fushi, ya aro wani keken, fim ya fito babu ke. Zai yi ciwo. Ko da hakan ta faru, ranar Asabar kina kan kekenki, ba a benci ba.

Ubangiji ya sanyaya miki zuciya.