Sun Farke Mini Tayoyi a Bakin Iyaka

Yaya Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarka, ya iyali, ya zaman Kumasi? Mu nan ƙasar Bagudo sai godiya.

Keken da ka aiko mini ya jawo mini wulaƙanci. Na hau zan tafi gonarmu ta tsallaken Dahomi, masu tsaron iyaka suka tare ni, wai mai keke ɗan fasa-ƙwauri ne. Suka farke tayoyin da wuƙa suna bincike, masu jakuna na wucewa abinsu.

Na ce, "Gonar ubana za ni!"

Ɗayansu ya ce, "Ubanka da keke yake zuwa?"

A ka na ɗauko shi gida. Maƙwabtan da ke shirin saye duk sun fasa.

Gai da Hajo da yara. Ka sa mu a addu'a, Yaya. Ana ta kiɗan 'yancin kai, ni kuwa na koma tafiyar ƙafa.

Ƙanenka,
Umaru