Faifan Jamus da Ba Su Lalace Ba

Rusholme, Manchester

Yaya Radiyya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai kewa.

Kin tambayi aikina. Shagon tsofaffin faifai ne na wata dattijuwa, Zoe. Ni nake goge kowane faifai, in ɗora, in saurara ko ya karce. Ranar Talata na kwashi wasu na Jamus na kai kwandon shara, don na ji sauti ɗaya yana ta maimaituwa, babu mawaƙi, na ɗauka allura ce ta maƙale. Zoe ta yi dariya har da tari. Ta zaunar da ni, ta sa na ji guda har ƙarshe. Ashe yana canzawa, amma a hankali, kamar inuwa a tsakar gida.

Ta ce samarin Jamus ne, bayan yaƙin duniya na biyu, suka ƙi waƙoƙin iyayensu suka koma kiɗa da na'ura. A ƙuruciyarta dariya ake musu. Daga baya baƙaƙen Amurka suka ɗauka suka sa masa bugu, ya zo garin nan ya cika gidajen rawa. Yanzu ko a wayoyin yaran da ke bas ina jin jikokinsa, su kuwa ba su san kakan ba.

Yaya, a garin nan ita kaɗai ke tambayata me na ji, kuma ta jira amsa. Likitocin ƙasarmu da nake haɗuwa da su a masallaci mutanen kirki ne, amma kullum suna kan aiki a asibiti. Ga shi tana maganar rufe shagon, gwiwoyinta sun gaji. Ki taya ni addu'a.

Ƙaninki,
Sha'aban

Rusholme, Manchester

Yaya Radiyya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, yajin da kika aiko ya iso, Allah ya saka.

An rufe shagon. Zoe ta koma wajen 'yarta a Birmingham. Ni na raka ta da akwatunan faifan har unguwar Balsall Heath a can Birmingham, inda wani saurayi, Zayd, ya saye su. Ta roƙe shi ya ɗauke ni aiki. Yaron kirki ne, har shayi ya ba ni. Sai dai shi ba ya jin faifai har ƙarshe. Ɗan guntu yake yanka ya zuba a kwamfuta, ya gina sabon kiɗa a kai. Karcewar da nake nema in kawar, ita ma sonta yake. To me zai yi da ni? Ban ji haushinsa ba.

Da za mu rabu Zoe ta riƙe hannuna, ta ce in riƙa zuwa. Na ga 'yar ta duba agogo. Na dawo a bas ni kaɗai. Litinin zan fara a wurin wankin mota.

Roƙona ɗaya ne. In kin kira ni ranar Juma'a, kada ki kashe don magana ta ƙare. Ki ajiye wayar a kan tabarma ki ci gaba da aikinki. Ko ƙarar tsintsiya ce, ina so in ji.

Ki gaishe da Inna. Ki ce mata ina cin abinci.

Naki har kullum,
Sha'aban