Wa Ka Ba Ɗana?

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa mai yawa. Ya jiki, ya ƙafar? Allah ya ba ka lafiya. Matar malamin lissafi ce ke rubuta min, mijinta zai kawo maka asibiti, tunda sun hana ni shiga da jaririya. Na ce mata kar ta gyara min ko kalma ɗaya.

Malam, wa ka ba ɗana?

Da safe ka ɗauki Ƙaramin Malam, yaron da bai cika shekara uku ba, ka ce za ku kallon wasannin jami'a. Kallo fa ka ce. Ba ka ce min an sa baƙin malamai tsere ba. Kai da hawa benen nan sai ka huta a tsakiya! Don ɗalibai su tafa maka, ka miƙa yaro da jakarka da wayarka ga wata, ka cire takalmi, ka shiga fili da tumbinka. Ga shi ka faɗi, ƙafa ta karye, motar asibiti ta kwashe ka, ba wanda ya san da yaro ka zo.

Malamin lissafi ya ce ya tambaye ka, ka ce ɗalibarka ce mai jar riga. Malam! Duk ɗaliban sashenku jar riga aka raba musu yau. Na je filin da goyo, ja ta ko'ina. Ina kama hannun mutane ina nuna musu tsayinsa da tafina, suna min murmushi, wata har ta ba ni ruwa. Da wane baki zan ce ɗana ya ɓace? Kai ka kawo ni ƙasar da ko sannu ban iya faɗa ba.

Kullum tana zaune gabanka a aji, a ce ba ka san sunanta ba? Doguwa ce ko gajera? Tana sa tabarau? Ka matse kanka ka tuna, ko allurar barci suka yi maka. Bai ci komai ba tun safe, kuma ka san in ya tsorata ba ya kuka, shiru yake yi.

Matarka.

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa da ya jiki. An ce sun ɗaure ƙafar, Allah ya ƙara sauƙi.

An gan shi. Rana na shirin faɗuwa mai gadin jami'a ya ƙwanƙwasa, ga yarinyar a bayansa, ga ɗana a kafaɗarta. Ashe da ta ga an tafi da kai, sai ta tafi nemanka da shi, ta ɓuge a wani asibitin daban, ta yi ta jira a bakin ƙofa. Wayarka na ta ƙara a jaka, ta ji kunyar buɗe jakar malaminta. Idanunta sun kumbura fiye da nawa. Na yi niyyar zaginta, sai na tsinci kaina ina rungume da ita.

Ya jiƙa wandonsa, takalminsa ɗaya babu. Yana shigowa ya damƙe min zani.

Kai kuma an ce da ka farfaɗo tambaya ka yi ko an ɗauki hoton tseren. An ɗauka. Kai ne na ƙarshe tun kafin ka faɗi. Mai rubutun nan dariya take, ni ba dariya nake ba.

Daga yau yaron nan ba ya taka waje da kai sai ina riƙe da ɗaya hannun. Ka kai ƙarata gida in kana so, ni ma ina da abin faɗa wa Baba.

Ya yi barci yanzu, ƙafarsa a kan cikina, na kasa motsi. Ka warke, Malam. Ka warke ka dawo, don sauran maganar ba ta rubutuwa.

Ka huta lafiya.
Uwar 'ya'yanka.