Turken Yaya Inuwa

Gandun Mala, 3 ga Yuli, 1953

Yaya Inuwa,

Gaisuwa mai yawa. Iya ma tana gaishe ka.

Bayan haka, mu bakwai ɗin nan na kwamitin jingar da ke tare mana kogi, kowa da kansa ya kafa turke mai sunansa a rabonsa, ba wanda aka tilasta. Shida mun gyara namu. Naka na shugaba, gafiya ta huda shi wuri huɗu. Fannami, da gidansa ke ƙasan wurin, ya zura hannu har kafaɗa. Ka san ba a taɓa rabon babba sai da izininsa. Ka zo, ko ka ce mu toshe.

Ƙanenka, Shu'ibu

Haɗeja, 11 ga Yuli

Shu'ibu,

Bayan gaisuwa, kada kowa ya taɓa. In ƙannena suka yi mini aiki, da wane ido zan shiga gari? Fannami kuwa tun muna yara yake tsoron ruwa, har na alwala. Aikin ofis ne ya riƙe ni, amma ina nan tafe ran Juma'a. Jiya na ambaci kwamitinmu gaban manya, an yaba ƙwarai.

Wassalam, Inuwa, Shugaba

Gandun Mala, 2 ga Agusta

Yaya,

Ina gaisuwa. Juma'a uku ke nan. Ruwa saura kamu biyu ya kai bakin jinga. Hamman, ɗaya daga cikin 'yan kwamiti, ya ɗauki fartanya zai toshe ramukan, ya ce, "Ku bar ni in yi rashin kunyar." Dattawa suka karanta masa wasiƙarka, ya ajiye. Fannami ya ce in tambaye ka ko ya kwashe iyalinsa. Kalma ɗaya muke jira.

Ka huta lafiya, Shu'ibu

Gandun Mala, 9 ga Agusta

Yaya,

Salamu alaikum. Jinga ta ɓalle ran Talata da hantsi, maza suna gona. Rabo shida sun riƙe. Sai jiya muka samu gawar Uwa, matar Fannami, muka rufe ta. Ba a ga jaririyarta ba tukuna.

An tsinci turkenka a cikin shinkafa, sunanka bai goge ba. Fannami ya ce a aiko maka da shi, ga shi a hannun mai kawo wannan. Kwamiti ya zauna, ba wanda ya iya cewa a cire ka. Ɓarakar tana nan a buɗe, don har yanzu rabonka ce.

Allah ya ba mu haƙuri.

Shu'ibu