Kalmar da Baffa Ya Tsallake

Mansura, 3 ga Maris

Zuwa ga 'yata Nihal,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin kyamis, ya sanyin Iskandariyya? Matata Su'ad tana gaishe ki.

Na ji daɗi da kika nemi shawarata kan manhajar da za ki riƙa duba farashin hannun jari. Yawancin masu farawa suna ɗauka cewa manhajar da ta fi tsada ita ta fi faɗin gaskiya. Ba haka ba ne, 'yata. Farashi ɗaya ne a kasuwa, kowa daga can yake ɗebowa. Na zauna na gwada guda huɗu, na zaɓar miki ta kyauta mai shuɗin tambari. Zanenta na hawa da saukar farashi a fili yake, kuma a samanta an rubuta "lahzi", wato farashin yanzu-yanzu. Ki bar waccan mai kuɗin wata-wata da abokiyar aikinki take zuga ki a kai. Ki duba a nan, ki ba dillalinki umarni a shafinsa, shi ke nan.

Ki yarda da baffanki. Karatun rubutu dai shi ne sana'ata.

Baffanki,
Ra'afat

Mansura, 20 ga Afrilu

'Yata Nihal,

Ina gaishe ki, ina fatan kin koma gida lafiya. Na kira ki ba ki ɗauka ba, shi ya sa na ɗauki biro.

Abin da ya faru ranar Juma'a a gidan babanki bai yi min daɗi ba. Kin san Midhat, ƙanena ne amma bakinsa ya girme ni. Da kika ce kullum farashin da ake sayar miki ba shi ne wanda kika gani ba, bai kamata ba da ya ce, "Likita, hannun ne da nauyi. Kafin ki danna, kasuwa ta ci abinci ta wanke hannu." Kuma bai kamata yayanki Tamir ya ƙara da cewa kunkuru ma in an ba shi waya zai riga ki ba. Na ga yadda kika ajiye cokali, kika bar miyarki ta mulukiya ta huce.

Su'ad ta ce min kin yanke shawarar miƙa wa Tamir asusunki da ragowar ajiyarki, wai ke ba ki da kan wannan harka. Don Allah ki dakata tukuna. Akwai maganar da nake son yi miki, ina neman bakin zarenta.

Baffanki,
Ra'afat

Mansura, 24 ga Afrilu

'Yata Nihal,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Ni lafiyar jiki lau, sai dai abinci ya daina yi min daɗi tun ranar nan.

Hannunki ba shi da nauyi. Idona ne ya yi gaggawa.

Ranar Alhamis, wato jajibirin cin abincin nan, na so in nuna wa ɗalibaina yadda ake karanta zanen farashi. Na haska manhajar a bangon aji, komai ya fito da girma. Sai na ga kafin "lahzi" akwai wata kalma da siririn rubutu: "shibhi". Shibhi lahzi. Mai kama da na yanzu-yanzu, ba shi ɗin ba. A can ƙasa kuma sun faɗa ƙarara cewa farashin yana zuwa ne bayan minti goma sha biyar. Ba su ɓoye komai ba. Ni ne malamin Larabcin da ke rage wa yara maki idan sun tsallake wasali, na tsallake kalma sukutum saboda na ga "kyauta" na yi murna.

Kin gane abin da wannan ke nufi? Duk lokacin da kika ga farashi ya fara hawa kika saya, ya riga ya gama hawan. Duk lokacin da kika ga ya fara zamewa kika ce a sayar, ya riga ya kai ƙasa. Lissafinki yana iya zama daidai, agogon da na ba ki ne yake baya.

Abin da ya fi damuna ba wannan ba ne. Da Midhat yake miki ba'a, na riga na sani. Maganar tana bakina. Amma shi ne ya gabatar da ni a teburin da cewa, "Ga Ustaz, wanda ya ɗora ta a hanya," sai na ji ba zan iya zubar da girman ba. Na sa burodi a baki. Har murmushi na yi da aka zo zancen kunkuru. Da muka dawo na gaya wa Su'ad, ta dube ni ta ce, "To Ustaz, girman ya ƙoshar da kai?"

Ba zan ce miki manhaja mai tsada za ta sa ki ci riba ba. Kasuwa tana kayar da masu ganin farashi a kan lokaci ma. Idan kin bar harkar don ba kya sonta, ba laifi. Amma kada ki bar ta don an ce ba ki iya ba, alhali ba a taɓa gwada ki da idon gaskiya ba.

Juma'a mai zuwa zan je gidan babanki, in faɗi wannan a teburin nan, Tamir yana zaune. Zan so ki zo, amma ko ba ki zo ba zan faɗa.

Kafin nan, kada ki yarda da ni, na ɓata wannan damar. Ranar Lahadi da ƙarfe goma, idan kasuwa ta buɗe, ki roƙi abokiyar aikinki ta ajiye wayarta kusa da taki. Ku zaɓi kamfani ɗaya, kada ki sayi komai, ki zuba ido kawai. Lambar da ta bayyana a wayarta, ki duba agogo ki ga yaushe za ta iso taki. Idan za ki zaɓi wata manhajar, ki karanta kowace kalma, har ƙananan, da kanki.

Sannan ki yanke shawarar wanda za ki ba asusun.

Ki yafe min in kin samu hali.

Baffanki da ya koma ajin koyon karatu,
Ra'afat