Zoben da Na Dafa

Gonar Lidal, Litinin, 3 ga Oktoba

Zuwa ga Yayata Sigvor,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyu. Yaya ciwon bayan? Ina fata ya saki. Na san za ki ce ga waya, me ya kai ni takarda. Ki bar ni. A littattafan da nake karantawa mutane wasiƙa suke rubutawa, kuma a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana.

Yaya, na gaji. Hannuwana sun yi fari sun tattare kamar na tsohuwa. Kwana huɗu ke nan ina wanki, kuma ba na tufafi ba.

Ranar sha biyar ga wata surukina, Baba Torleiv, zai cika shekara tamanin. Mutum sittin aka gayyata, za a ci kan tunkiya, kuma dole a sha giyar gida, don a kwarin nan wanda ya sayo ta kanti ranar irin wannan biki, za a yi shekara goma ana ba da labarinsa. Wadda suka dafa da bazara, lokacin da nake wurinki a Bergen, tsami ta yi, aka zubar bayan garke. Tun ranar maigidana Jostein bai huce ba. Ya ce ƙazantar kaya ce. Ya sayo jarkar maganin kashe ƙwayoyin cuta, ya zaunar da ni kamar 'yar makaranta ya ce, "Oddrun, duk abin da ke ɗakin wuta inda muke dahuwar, duk abin da zai taɓa giyar nan, sai an wanke, an dafa, an jiƙa a magani. Ko cokali ne." Na ce to. Shi ya tafi sauko da tumaki daga dutse, ni aka bar ni da buroshi.

Kin san a littafi in amarya ta tare a gona, tana tsaye ne bakin taga gashinta na kaɗawa, mijin ya taho ta baya ya rufe mata ido. Ni rabin jikina yana cikin ganga, ƙafafuna a sama. Ganguna uku na katako, tukunyar tagulla da za ki iya wanka a ciki, tiyo biyu, bokitai, ludayi, da kwalabe ɗari da ashirin. A cikin wata na tarar da mataccen gizo-gizo. Ina karatu ne kawai lokacin da nake jiran ruwa ya tafasa, har shafukan sun kumbura da tururi.

Baba idonsa ya yi rauni sosai, inuwa kawai yake gani, amma hancinsa yana nan. Yakan zauna a bakin ƙofa ya shinshina ya ce, "'Yar Bergen, asibiti kuke buɗewa ne?" Shi a wurinsa ruwan zafi da aka dafa da rassan einer, wani itacen dutse mai ƙamshi, ya isa wanke komai, haka ubansa ya yi. Jostein ya ce kada in kula shi. Saboda haka ina yin duka biyun, ruwan einer don uban, magani don ɗan. Aiki biyu, godiya babu.

Amma yau na yi abin da nake alfahari da shi. Can sama a jikin azara, inda babu haske, na hango wani zobe na katako rataye a ƙusa, faɗinsa kamar faranti, an harhaɗa shi da ƙananan itatuwa kamar ƙashin bayan kifi. Yaya, ba ki ga dauɗa ba. Wani busasshen abu mai launin ƙasa ya cika kowane lungu nasa. Na dafa shi minti arba'in, na kankare da tsohon buroshin haƙori, na jiƙa a magani, na mayar inda yake. Yanzu fari ne tas. Ban faɗa wa Jostein ba, so nake ya gani da kansa ya san ba karatu kaɗai na iya ba.

Wata takwas ina gidan nan, har yanzu kamar baƙuwa nake. In giyar nan ta yi kyau, wataƙila su daina yi mini kallon wadda ta zo hutu.

Ki shafa mini kan yaran.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Oddrun

Gonar Lidal, Asabar, 8 ga Oktoba

Yaya Sigvor,

Ina gaishe ki, ina fata kowa lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yi.

Zoben nan da na ba ki labari, ba dauɗa ce a jikinsa ba. Yisti ne. Shi ne kveik ɗin gidan nan, abin da ke tayar da giya. In ta yi kumfa sai a tsoma zoben a ciki, a rataye ya bushe, ya jira dahuwa ta gaba. Na Lidal tun kakan Baba yake tafiya haka, daga giya zuwa zobe, daga zobe zuwa giya. Babu wani a ajiye. Jostein ya sha cewa zai saka kaɗan a firji, Baba ya ce ba za a kwantar masa da kakansa kusa da kifi ba. Ni kuma na dafa shi minti arba'in.

Tun asuba suka hura wuta. Da azahar ruwan tsiron sha'ir ya dahu, an juye a ganga, ya huce zuwa ɗumin madarar da aka tatso yanzu. Baba ya ce wa Jostein ya sauko da zobe. Ina tsaye ina murmushi ina jiran yabo. Jostein ya riƙe shi a hasken ƙofa, sai na ga fuskarsa ta zama kamar takarda. Ya dube ni, ya miƙa wa uban. Baba ya sake shi cikin ganga, ya buɗe baki ya kwarara ihun nan da suke yi lokacin zuba yisti, har karen gida ya gudu. Ya yi dariya ya ce, "Gobe war haka ɗakin nan zai yi ƙamshin lemo, 'yar Bergen, ki shirya hancinki."

Jostein ya ja ni bayan garke. Bai yi tsawa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Me kika yi wa zoben?" Na ce ai kai ka ce a dafa komai. Ya ce, "Komai, Oddrun, amma ban da wannan! Ko yaron goye ya san wannan." Na ce ni ba a nan aka goya ni ba. Ya dafe kai, sannan ya ce zai je garin Voss kafin a rufe kanti ya sayo yistin leda, ya zuba a ɓoye. Giyar za ta tashi, Baba ba ya gani, ba zai sani ba. Ya ce ruwan ba zai jira ba, in ya kwana ya wuni babu yisti, tsami zai yi kamar na bazara. Ya ce, "Ki rufe bakinki kawai. Wannan dai kin iya, ko?"

Minti ashirin ke nan da tafiyarsa. Ina teburin kicin. Ta taga ina ganin Baba a ruwan sama, ya ɗauko tsohon bargo yana lallube zuwa ɗakin wuta don ya lulluɓe gangar kada ta ji sanyi. Gangar da babu komai mai rai a ciki.

A littafi, a daidai nan ne wani yake shigowa da labari mai daɗi. Na duba hanya sau uku, tumaki ne kawai. Da kina kusa da na tambaye ki abin da zan yi, amma kafin takardar nan ta iso ki, an riga an yi ko an bari.

Taki,
Oddrun

Gonar Lidal, Talata, 18 ga Oktoba

Yayata Sigvor,

Gaisuwa da fatan alheri gare ku duka. Na ga kiranki har sau biyar, ki gafarce ni, ban da ƙarfin magana ne. Na gode da katin da kika aiko wa Baba, an karanta masa.

Na faɗa masa. Ina rufe waccan wasiƙar na fita, don na san in na ji ƙarar motar Jostein ba zan iya ba. Na same shi yana gyara bargon. Na ce, Baba, na dafa zoben, ban san ko mene ne ba. Ya ce in ciro masa. Na ciro, ya shafa shi lungu-lungu da yatsa, ya kai hanci. Ya ce, "Kin iya wanki." Ya ajiye shi a kan benci ya shige gida. Na tsaya a wurin ina kuka kamar wadda aka mara.

Da Jostein ya dawo da ledojinsa ya ji abin da na yi, sai ya jefa su kan tebur ya ce, "Kin huta yanzu? Kin karya masa zuciya don ki ji daɗin ranki." Ni ma na riga na yi wa kaina wannan tambayar. Muna cikin haka Baba ya fito da hularsa a kai da wata 'yar kwalba a hannu. Ya ce wa Jostein, "Wannan garin na leda ka kai wa mai yin burodi." Ni kuma ya miƙo mini kwalbar ya ce in hau gonar sama wurin Gunnvor in roƙo kveik. Jostein ya ce zai kai ni a mota. Baba ya ce, "Wanda ya kashe shi ne yake zuwa roƙo, kuma da ƙafa ake zuwa."

Tafiyar minti arba'in ce a ruwa, duk hawa. Gunnvor tsohuwa ce gajera mai muryar maza, ita kaɗai take dafa giyarta tun rasuwar mijinta. Da na gama bayani ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Ta ce, "Ke ce kika dafa kakan Torleiv? Da gishiri ko babu?" Ta zaunar da ni, ta ba ni kofi da burodi da cuku, ta cika kwalbar daga nata. Na buɗe baki zan gode, ta ɗaga yatsa ta ce ba a godiya a kan kveik, in an gode ba ya tashi. Ta ce in saka kwalbar cikin riga a jikin fata, kada ta sha iska. Haka na sauko da ita a ƙirji kamar jaririya.

Baba ya zuba. Bai yi ihu ba. Jostein ya jira, ya jira, sannan ya yi shi da kansa, muryarsa ta karye a tsakiya.

Giyar ta tashi washegari. An yi biki, mutum sittin da huɗu, an cinye kawunan tumaki, an yi waƙa, kowa ya ce giya ta yi. Baba kofi ɗaya ya sha. Ni da Jostein muna magana, amma ta aiki kawai: ina bokiti, an ba kare abinci? Jiya ya shafa mini man hannu ba tare da na roƙa ba, saboda haka ina jin za mu warke.

Jiyan kuma da rana ina wanke ganga, Baba ya zo ya zauna a bencin. Sai ya ce giyar Gunnvor mai kyau ce, ƙamshin tuffa take yi. Tasu kuwa lemo take yi da ɗan hayaƙi, kuma duk ranar da ta tashi, ɗakin wuta yakan yi ƙamshin rigar ubansa. Ya ce shekara hamsin da rasuwar mutumin, amma sau biyu a shekara yana shigowa ɗakin nan. Na ce, Baba, ka yafe mini. Ya ce, "Bari in gama. Da kun zuba na leda kun yi shiru, da na shigo da safe na shinshina ban ji shi ba. Da na ce hancin ma ya bi idon. Da na zauna ina jiran abin da zai tafi na gaba." Ya miƙe yana dafa bango. A bakin ƙofa ya ce, "Yanzu na san ni lafiyata ƙalau. Shi ne ya tafi."

Ban san ko yafiya ce wannan ba, Yaya. Ban tambaya ba. Saura ganga biyu da kwalabe, kuma ruwan ya tafasa.

Ki gaishe da maigidan, ki sumbaci yaran. In kin samu sarari ki zo, ko kwana ɗaya ne.

Ƙanwarki,
Oddrun