Fom ɗin da Ban Miƙa Ba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yaran nan biyu. Yaya aikin asibiti, yaya fama da tsayuwar wuni? Kin ce ƙafarki ta hagu tana kumbura idan kin daɗe a tsaye, Allah Ya sawwaƙe, ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin dawo gida. Mu nan sai godiya. Iya tana nan da ciwon gwiwarta, amma bakin nan ras yake, jiya ma sai da ta wanke ni tas don na bar guga a bakin rijiya. Maganin da kika aiko ya iso, tana sha ranar da ta ga dama. Ɗiyarki ma jikinta lafiya lau, ta yi tsawo har ta kere ni. A kanta zan yi miki magana, kuma don Allah ki nemi wuri ki zauna, kada ki karanta wannan a tsaye a wurin aiki.

Yaya, ba ki taɓa ganin cikin makarantarmu ba. Ranar da kika kawo mini yarinyar tana da shekara tara a bakin ƙofa kika tsaya, motarku tana jira. Ɗaki ɗaya ne dogo, yara arba'in da shida, daga ɗan shekara biyar har mai sha huɗu. Ƙanana suna kan tabarma a gaba, matsakaita a kan benci, manya can baya kusa da taga. Allo ɗaya gare mu, nakan ja layi biyu da alli in raba shi uku. In na ba manya lissafi sai in koma kan matsakaita, ɗaya daga cikin manyan kuma ya sauko tabarma ya riƙe mini ƙanana. Bi da bi ake yi, kowa da ranarsa. Talata da Alhamis da yamma iyaye suke zuwa: kafinta ya koya wa yara awo da tef, mai ɗinki ta koya musu sa maɓalli, su kuma yaran su zauna kusa da iyayen su nuna musu baƙaƙe. Da haka muka rayu, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina alfahari da wannan tsari fiye da komai da na taɓa yi.

Ɗiyarki ta shigo cikin wannan tsari kamar dama don ita aka yi shi. Kin san Iya tana ce mata Sarkin Tambaya tun tana rarrafe. Kafin ta cika sha biyu ta cinye duk littattafan da ke cikin kabad ɗinmu. Abin da ban zata ba shi ne hannunta a kan yara. Ranar da ta riƙe ƙanana ba ka jin kuka, ba mai neman fita fitsari sau biyar. Murfin kwalba ta tara a gwangwani tana koya musu ƙirga. Kafintan nan, mutum mai furfura, shekara biyu yana zuwa yana jin kunyar riƙe fensir a gabana, ita ce ta riƙa zana masa baƙaƙe a kan guntayen katako har ya rubuta sunansa. Don murna ya ƙera mata ɗan tebur, yara suka laƙaba mata Malama Ƙarama. A hankali bi da bin nan ya mutu. Ranar wani ta zama tata, ranar wata ta zama tata, har ya zama kullum tana kan tabarma daga safe zuwa tashi. Ni na bari hakan ya faru, domin a karon farko na samu ina gama darasi ba tare da an ja mini zane ba.

Kin tuna makarantar kwana ta 'yan mata da kike mata buri, wadda ake shiga da jarrabawa, kuma ba a karɓar yarinyar da ta cika sha huɗu. Sai malami ya cike fom da makin yarinya ya kai ofis, su tace, su kira waɗanda za su zauna jarrabawa. Shekarar da ta cika sha biyu aka yi wa abokin aikina canjin wuri, aka bar ni ni kaɗai da yara arba'in da wani abu. Na rubuta miki cewa ba ta shirya ba tukuna, a bari ta ƙara nuna. Ƙarya na yi miki, Yaya. Ta shirya tun kafin nan. Ni ce ban shirya ba.

Na bara ya fi muni. Na cike fom biyu, nata da na ɗiyar mai ɗinki. Kin aiko da takardar haihuwa, muka je aka ɗauke ta hoto, na sa hannu. Na shiga mota na je ofis da duka biyun a ambulan ɗaya, wallahi da niyyar miƙawa na fita. Ina cikin layi sai na fara hango tabarmar nan ba ita, yara goma sha tara suna ihu, ni ina tsakiya da alli a hannu. Da layi ya zo kaina na zaro guda ɗaya na miƙa, na mayar da ɗayan cikin jaka. Ba wanda ya tsare ni, ba wanda ya ba ni shawara. Na dawo na sa shi a aljihun tebur ɗina a ƙarƙashin rajista na kulle. Da aka kira ɗiyar mai ɗinki, na ce wa ɗiyarki makinta ne bai kai ba, haka kuma na rubuta miki. Kika amsa mini da cewa Allah Ya sa haka ne mafi alheri, har kina yi mini godiyar ɗawainiya. Takardar nan taki tana nan, ban iya sake buɗe ta ba.

Bana na ce ko me zai faru sai na kai. Na san sarai ta wuce sha huɗu da wata huɗu, amma na ce wa kaina wata huɗu me ne ne, zan roƙa, ai mutane ne a wurin. Ma'aikacin ya duba takardar haihuwa, ya lissafa da yatsunsa, ya turo mini fom ɗin. Na yi magiya har na ba kaina kunya a gaban jama'a. Ya ce ba shi ya kafa dokar ba. Sannan ya sake duba makin ya girgiza kai, ya tambaye ni me ya hana mu kawo yarinya mai irin wannan ƙwaƙwalwa bara. Na ce masa rashin lafiya ta yi. Kin ga yadda bakina ya saba.

Da na so, da maganar ta mutu a nan, in ce miki shekaru ne suka hana, ki yi haƙuri kamar yadda kika saba. Allah bai nufa ba. Mako uku da suka wuce alli ya ƙare ana tsakiyar darasi, na ciro mabuɗi da hannuna na ba ta na ce ta ɗauko sabon kwali a aljihun tebur. Na manta shaf da abin da ke ciki. Ta ɗan jima a tsugune. Da ta miƙe sai ta zo ta ajiye mini kwalin alli, ta ajiye fom ɗin bara a kusa da shi, ga hotonta, ga sa hannuna, babu hatimin ofis. Ta san yadda hatimin yake, ƙawarta ɗiyar mai ɗinki ta nuna mata nata. Ta koma kan tabarma ta ɗauki gwangwaninta ta ci gaba da ƙirga da yara, muryarta ko rawa ba ta yi. Ni ce na kasa ƙarasa abin da nake rubutawa a allo, na ce wa manya su karanta shafi na gaba.

A hanyar gida tambaya ɗaya ta yi mini, ko da gaske makinta bai kai ba. Na ce mata tunda na fara koyarwa ban taɓa rubuta wa yaro maki kamar nata ba. Ta yi tafiya kaɗan, sannan ta ce ashe shekara guda tana zaton ita daƙiƙiya ce. Ta ce shi ya sa ta koma littafin lissafi daga shafin farko tana sake yi, tana neman inda ta kasa, ba ta gano ba. Ta ce shi ya sa ta daina rubuta miki, kunyarki take ji. Ta tuna mini ranar da ɗiyar mai ɗinki za ta tafi, ita ta raka ta bakin mota, ta ba ta littafinta na lissafi, tana ganin wadda ta fi ta ce ta cancanta, alhali ita ta koya mata raba lamba. Ba kuka, ba ɗaga murya. Da ta zage ni, Yaya, da na fi samun sauƙi.

Tun ranar ba ta sake yi wa kowa tambaya ba. Littattafanta ta raba wa matsakaita. Tana tashi, ta share gida, ta shafa wa Iya magani a gwiwa, ta riga ni zuwa makaranta ta shimfiɗa tabarma. A gida ma Malama take ce mini yanzu, Anti ta fita daga bakinta. Iya ta lura, ta tsare ni, na faɗa mata komai. Ta ce an ba ni amana na mayar da ita jakin aiki, kuma da na taɓa haihuwa da ban iya ba. Kin san ba a taɓa faɗa mini wannan maganar a gidanmu ba, ko a faɗa. Ta yi mini zafi har cikin ƙashi.

Alhamis ɗin da ta wuce na tsayar da iyaye bayan darasi, na gaya musu abin da na yi, ban rage komai ba, na ce ina so in mayar da yarinyar wurin uwarta. Na ɗauka za su tsine mini. Ina! Kafinta ya ce in ta tafi makarantar ta mutu, gara a fara neman mai sayen bencina. Wata uwa ta ce ai karatun da ta yi ya ishe ta, tunda har tana koyar da wasu. Mai ɗinki, wadda tata ɗiyar take can tana karatu, ta ce in daina azabtar da kaina, kowa da rabonsa. Ba mutum ɗaya da ya ce na yi laifi. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin na gane dukkanmu mun daɗe da yanke wa yarinyar nan hukunci, ni dai ce na riƙe mabuɗi. Kuma maganar kafinta gaskiya ce, ni kaɗai ba zan iya da ɗakin nan ba, na gwada na gani.

Makarantar kwana ta wuce, ba abin da zai dawo da ita. Amma akwai ta jeka-ka-dawo kusa da ku da kika taɓa ambata, wadda ba ruwanta da shekaru. Na san ɗakinku ɗaya ne, na san yadda kuke a matse, ba don haka ba ai da ba ki bar ta a nan ba tun farko. Duk da haka ki yi wa maigidanki magana. Na gaya wa ɗiyarki zan rubuto miki, ta ce kada in wahalar da ke, ba inda za ta. Ta ce in ta tafi wa zai riƙe ƙanana, ga wata 'yar shekara shida mai in'ina da ba ta buɗe baki sai a gabanta. Kalmomina ne, Yaya, irin waɗanda na shekara uku ina faɗa a gabanta, yau suke fitowa daga bakinta. Ta yarda da su, kuma kullum ƙara yarda take yi.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, ki ba shi haƙuri, ban san da wane ido zan dube shi ba. Ki shafa mini kan autanki da yayansa. Ki gaida Kawu in kin leƙa wurinsa, da Goggo da jikokinta, da maƙwabciyar nan taki mai yawan dariya. Iya tana gaishe ku duka, ta ce ki taho mata da irin man zafin nan na wancan karo.

Ba na neman ki yafe mini a takarda, kada ma ki ɓata lokacin ba ni amsa. Ki zo da kanki kafin a shiga sabon zango, kada ki aiko kowa, domin ba wanda za ta bi sai ke. In kin zo kuma kada ki saurare ni. Na san kaina. Zan kawo miki ruwa, in yi kuka, in ce ki bari a gama zango ɗaya kacal kafin a samo wani malami, kuma zan faɗe shi yadda za ki ji tausayina. Jiya, bayan duk abin da na rubuta miki ɗin nan ya faru, na zauna tsara jadawalin zango mai zuwa. Sai da na gama na duba na ga na sa sunanta a kan ƙanana kowace safiya, Litinin zuwa Juma'a. Jadawalin yana gabana yanzu haka, Yaya, kuma har yanzu ban goge ba.

Allah Ya kawo ki lafiya, Ya kawo ki da wuri.

Ƙanwarki.